Yadda Ake Tantance Tsofaffin Bindigogin Lee-Enfield Masu Wuyar Samu

A kasuwar masu tara tsofaffin makaman soja, wadda ta fi ƙarfi a Amurka da Ingila da Ostareliya, bindigar da aka ƙera miliyoyinta ba ta cika tsada ba, amma 'yar'uwarta da aka ƙera kaɗan, ko wadda aka ware domin wani aiki na musamman, tana iya ninka ta kuɗi sau da yawa, alhali wani lokaci bambancin da ido ke gani bai wuce 'yan haruffa da aka buga a jikin ƙarfe ba. Duk inda farashi ya yi nisa haka, aikin kuma ya zama mai sauƙi, sai an samu wanda zai ɗauki guduma da hatimi ya cike tazarar. Saboda haka nau'in da ya fi wuyar samu shi ne ya fi yawan jabu.

Zan tsaya a kan dangin Lee-Enfield, bindigar sojan Birtaniya mai cin harsashi .303, domin ita ce kakanninmu na Rundunar Najeriya suka saɓa a kafaɗa a yaƙe-yaƙen duniya biyu, kuma ita ce 'yan sandan ƙasar nan suka daɗe suna riƙewa bayan samun 'yancin kai. Ya kamata a sani tun farko cewa Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja masu cin wannan harsashi cikin waɗanda aka haramta wa farar hula, don haka mu a nan nazarinmu na littattafai ne da gidajen tarihi da hotunan kundin gwanjo. Wannan bai rage wa nazarin daraja ba, domin mai kula da gidan tarihi da zai rubuta bayani a ƙarƙashin bindiga yana bukatar wannan ilimi kamar yadda mai saye a Landan yake bukatarsa.

Abin da na lura shi ne yawancin mutane da hatimi suke farawa, kuma a ganina shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Tambayar farko ita ce ko masana'antar da ake ambata ta taɓa ƙera irin wannan bindiga a shekarar da aka rubuta. Turawan Ingila sun sauƙaƙa wannan bincike saboda son rubuce-rubucensu. Kowane samfurin makami da gwamnati ta amince da shi akan ajiye guda ɗaya a ɗaura masa hatimin hukuma, ya zama ma'aunin da sauran za su bi, kuma kowane canji, ko da na ƙusa ne, akan shigar da shi cikin jerin sanarwar canje-canje na Ma'aikatar Yaƙi tare da kwanan wata. Tarin waɗancan samfurori ya zauna a masana'antar Enfield, aka mayar da shi Nottingham, daga baya kuma a 2005 aka miƙa shi ga gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds. Wanda ya zo da bindigar da babu irinta a wannan tari, babu kuma labarinta a takardu, nauyin kawo hujja a wuyansa yake.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a gajeriyar bindigar nan No. 5 Mk I, wadda 'yan kasuwa suka yi wa laƙabi da Jungle Carbine. An amince da ita a 1944 saboda korafin sojojin da ke yaƙi a kurmin Gabas mai Nisa cewa No. 4, doguwar Lee-Enfield da suke riƙewa a lokacin, ta yi tsawo da nauyi, aka kuma daina ƙera ta a ƙarshen 1947. Masana'antu biyu kaɗai suka yi ta: ta gwamnati da ke Fazakerley kusa da Liverpool, wadda ta fitar da kimanin 170,000, da ta kamfanin BSA da ke Shirley, wadda ta fitar da kimanin 81,000. Da wannan bayani kaɗai an riga an yanke wa ɗimbin bindigogi hukunci. Idan aka ga mai kama da ita ɗauke da tambarin Long Branch ta Kanada, ko na Savage ta Amurka, ko na Ishapore ta Indiya, to ba sai an ɗauko tabaran ƙara girma ba, domin waɗannan masana'antu ba su ƙera wa soja No. 5 ba. Haka kuma laƙabin nan bai taɓa zama sunan hukuma ba, saboda haka duk bindigar da aka buga shi a jikinta, ɗan kasuwa ne ya buga. Kamfanin Golden State Arms na Pasadena a Kalifoniya ya sayi tarin tsofaffin Lee-Enfield a shekarun 1950 da 1960, ya datse su, ya sayar da su ƙarƙashin sunan Santa Fe, kuma bai ɓoye abin da ya yi ba tunda sunansa na jiki. Daga baya wasu kamfanonin suka yi irin wannan aiki da bindigar Ishapore 2A1 mai cin harsashi 7.62. Matsalar takan taso ne bayan bindigar ta ratsa hannu uku ko huɗu, wani ya goge sunan kamfanin, labarin kuma ya canja.

Daga waje, datsattsiyar No. 4 da No. 5 ta ainihi kusan abu ɗaya ne. Dukansu tsawonsu bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, dukansu suna da mazurarin ƙarfe a baki mai rage walƙiyar wuta, da matashin roba a gindin ƙota, kuma waɗannan kayan ana sayar da sababbinsu a kasuwa. Bambancin yana wurin da aka rage ƙarfe. Masu zanen No. 5 sun so ta sauko daga kilo huɗu da wani abu zuwa kimanin kilo uku da kwata, don haka suka bi ta suna sassaƙe duk inda za a iya ragewa. Idan aka cire katakon da ke rufe saman bututun, za a ga an ƙwaƙule kaurin gindin bututun, daidai inda ya shiga uwar jikin bindigar, an bar wasu kwaruruka masu santsi. A uwar jikin ma an zabtare ƙarfe a gefe da baya, ƙarfen da ya kewaye kunamar an tsuke shi, ƙwallon hannun sakata an huda shi, sannan ma'aunin saiti na baya a yadi 800 ya tsaya, ba 1,300 irin na No. 4 ba. Mai datse bindiga domin kasuwa ba ya ɓata lokaci a kan kwarurukan da katako zai rufe, domin aiki ne na injin sassaƙa ƙarfe da awo, kuma mai saye ba ya gani. Shi ya sa gogaggen mai tantancewa ba ya cewa komai sai an ɗaga wannan katako, mai sayarwar da ya ƙi yarda a ɗaga kuwa ya riga ya ba da amsa.

Sai bayan wannan ake komawa ga rubutu, kuma a nan akwai abin da ke ruɗin sabon shiga. Rubutun Fazakerley a gefen hagu na uwar jikin ba bugun hatimi mai zurfi ba ne, da alƙalamin lantarki aka zana shi, siriri kuma sama-sama, har yakan dushe a ƙarƙashin baƙin fenti: sunan samfurin, da haruffan ROF da F a cikin baka, da wata da shekara. Wanda bai sani ba yakan raina wannan rubutu ya ce na bogi ne, ya kuma yarda da wanda aka buga raɗau, alhali sau da yawa akasin haka ne gaskiya. Na BSA kuwa lambar sirrin masana'anta ce, M47C, tare da shekara. Abin da ake nema a gefen nan shi ne ko ƙarfen ya lotsa. Idan an goge tsohon rubutun No. 4 da magagari ko dutsen wasa, wurin ba ya komawa daidai, kuma da an haska tocila daga gefe, a kwance, sai inuwar kwarin ta bayyana, wani lokaci har da ragowar tsohon harafi a bakinsa.

Watan da shekarar nan suna da wani amfani da ya shafe mu kai tsaye. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama, sun ci Myohaung a Janairun 1945, kuma bataliyoyi uku na Rundunar Najeriya sun shiga cikin dakarun Chindit, masu kutsawa bayan sahun Japanawa, a 1944. Saboda wannan tarihi, abu ne mai sauƙi a ga gajeriyar bindiga a ce ita ce ta yaƙin Bama. Amma Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, kuma an ci gaba da ƙera No. 5 fiye da shekara biyu bayan haka, saboda haka wadda ke ɗauke da 1946 ko 1947 tana iya zama gangariya ta kowace fuska, amma ba ta ga wancan yaƙi ba. Ta fi yiwuwa ta yi aiki a Malaya, inda aka yi amfani da ita sosai daga 1948. Sahihancin ƙarfe daban, sahihancin labarin da aka rataya masa daban, kuma na fi ganin kuskure a na biyun, har a rubutun da ake liƙawa a gidajen tarihi.

Lamarin bindigar gwanayen harbi daga nesa, No. 4 Mk I (T), ya fi wannan sarƙaƙiya, domin ita asalinta No. 4 ce ta yau da kullum da aka yi wa ƙari, kuma ƙari ya fi ragi sauƙin kwaikwayo. A wurin gwajin masana'anta akan ware waɗanda suka fi daidaita harbi a buga musu TR, yawancinsu na BSA Shirley, a aika da su kamfanin Holland & Holland na Landan, wanda ya gyara kimanin 23,000 daga 1942 zuwa ƙarshen yaƙi da 'yan watanni bayansa. Can ake ɗaura wasu faifan ƙarfe biyu a gefen hagu, a riƙe su da ƙusa mai zare da dalma, sannan a daidaita su da inji suna jikin bindigar domin su yi layi ɗaya da ramin bututu. A kansu ake ɗora madubin hangen nesa No. 32, wanda asali domin Bren, bindiga mai sarrafa kanta, aka zana shi. Ana ƙara katakon jingina kunci a ƙota, a yanke ƙaramin zoben saitin baya domin kada ya tokare madubin, a buga S51, lambar kamfanin, a ƙarƙashin ƙotar, a buga T a gefen uwar jiki, a kuma buga lambar madubin a saman wuyan ƙota.

Duk waɗannan haruffa an san su, an buga hotunansu a littattafai, kuma hatimin ƙarfe mai harafin T ba ya da tsada. Don haka ganinsu cikakku ba ya tabbatar da komai. Abin da ake dubawa shi ne ko sun tsufa tare da abin da aka buga su a kai. Harafin da aka buga a katako a 1944 ya sha mai da gumi da ƙura, bakinsa ya lafa, cikinsa ya yi baƙi daidai da sauran tsagogin katakon, shi kuwa na bara gefensa kaifi ne, zaren katakon da ya karye yana da haske, ko kuma an cusa masa baƙin shoe-shaina wanda launinsa bai dace da na kewaye ba. A ƙarfe, hatimin da aka buga kafin a yi wa bindiga baƙin rufi cikinsa baƙi ne, wanda aka buga bayan shekaru kuwa yakan tsaga rufin ya ɗaga leɓe mai sheƙi. Faifan nan biyu ma suna magana: aikin Holland & Holland ya zauna daram ba rata, kan ƙusoshin ya tsufa daidai da jikin, kuma idan aka ɗora madubin, saitinsa yakan faɗo kusa da tsakiya ba tare da an murɗa shi zuwa ƙarshe ba.

Amma a nan ne kuma mai gaggawar cewa jabu yake faɗawa rami, domin akwai na ainihi da ba su cika sharuɗɗan ba. Akwai waɗanda aka ɗaura wa faifan, aka buga musu TR da S51, amma yaƙi ya ƙare ba a haɗa su da madubi ba, saboda haka ba su da T kuma babu lambar madubi a wuyan ƙota. Akwai na farko-farko da aka gyara a Enfield daga bindigogin gwaji na shekarun 1930, kafin a ba Holland & Holland kwangilar, waɗanda ba su da S51 sam. Akwai 'yan kaɗan daga Savage da masana'antar Maltby ta Ingila, akwai kuma na Kanada da Long Branch ta haɗa da madubin kamfanin REL, masu nasu tsarin. Wanda ya haddace jeri ɗaya na alamomi zai yi watsi da waɗannan, kuma wasunsu sun fi na yau da kullum daraja.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin masu tarawa sun fi zalunta, wato aikin maƙeran soja. Bindigar soja kayan aiki ce, kuma wadda ta yi shekara talatin a hannun gwamnati an canja mata katako, an canja bututu, wataƙila an canja sakata aka buga mata sabuwar lamba. Haruffan FTR da shekara suna nufin an mayar da ita masana'anta an yi mata garambawul. Daga 1949, lokacin da aka fito da No. 4 Mk 2 wadda kunamarta ke rataye a uwar jiki maimakon ƙarfen da ke kewaye da ita, an ɗauko tsofaffi aka mayar da su sabon tsari, aka soke tsohon rubutu da layi, aka rubuta Mk 1/2 ko Mk 1/3. Mai kallon farko zai ga rubutu a kan rubutu ya ce an yi maguɗi, alhali gwamnati ce ta yi. A Indiya akan ratsa katakon gaba da wata ƙatuwar ƙusa mai zare domin hana shi tsagewa. Kibiya mai baki uku alamar mallakar gwamnati ce, kibiya biyu da suka haɗa kai na nufin an sayar da ita daga hannun soja, DP kuma na nufin an mayar da ita ta fareti kawai, ba a yarda a harba ta ba. Waɗannan tabo su ne tarihin bindigar, kuma ni na fi sakin jiki da wadda alamominta suka zo da ɗan hargitsi mai ma'ana, wanda za a iya jerawa shekara bayan shekara, a kan wadda komai nata ya dace tamkar jiya ta fito daga akwati.

Akwai wani rukuni kuma da bai dace a kira shi jabu kai tsaye ba, domin waɗanda suka ƙera shi ba masu tara kayan tarihi suke nufin yaudara ba. A Darra Adam Khel da ke kudu da Peshawar a Pakistan, da garuruwan mashigin Khyber, maƙera sun yi fiye da ƙarni suna kwaikwayon Martini-Henry, tsohuwar bindigar sojan Birtaniya, da Lee-Enfield da hannu, kamar yadda maƙeranmu ke ƙera adaka, sai dai su har tambarin suke kwafa. Da yake yawancinsu ba su karanta Turanci, harafin N a cikin ENFIELD yakan juya baya, kambin sarauta yakan karkace, kuma akan ga VR, alamar Sarauniya Biktoriya, a saman shekarar da ta biyo bayan rasuwarta a Janairun 1901. Sojojin Amurka da suka yi aiki a Afganistan bayan 2001 sun sayi irinsu da yawa a kasuwanni a matsayin kayan tarihi. Ƙarfensu ba shi da tabbas, don haka harba su ganganci ne. Sai kuma bindigogin Nepal. A 2003 wasu 'yan kasuwar Amurka suka saye tarin makaman da ya daɗe a kulle a fadar Lagan Silekhana ta Kathmandu, fiye da 50,000, kuma a cikinsu akwai Martini-Henry na Ingila na ainihi, akwai kuma Gahendra, wadda aka zana aka ƙera a Nepal domin sojan Nepal, rubutunta da haruffan ƙasar. Gahendra bindigar soja ce ta gaskiya mai tarihinta, ba ta zama ƙarya sai ranar da wani ya sayar da ita da sunan ta Enfield.

Inda ilimin alamomi ke gazawa shi ne wurin samfuran gwaji da waɗanda aka ƙera 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka. No. 1 Mk V, wadda aka yi kimanin 20,000 tsakanin 1922 da 1924, tana da yawan da za a kwatanta wannan da waccan. Amma No. 6, gajeriyar da masana'antar Lithgow ta Ostareliya ta gwada a ƙarshen yaƙi, ba ta taɓa shiga hannun runduna ba, De Lisle kuwa, mai ɓoye ƙara wadda aka gina a kan jikin Lee-Enfield domin dakarun sari-ka-noƙe na Birtaniya, adadinta bai wuce ɗari da 'yan kai ba, kuma ana ƙera kwafinta a fili domin masu sha'awa. A irin wannan mataki hoto ba ya yanke hukunci. Sai an ajiye bindigar kusa da samfurin da ba a shakkarsa, irin na Leeds ko na gidan tarihin masana'antar Lithgow, an auna, an duba sawun inji a wuraren da ido ba ya kaiwa, an kuma bi takardunta baya daga hannu zuwa hannu har a isa ranar da ta bar gwamnati. Takardar da jikan mai ita ya rubuta yana ba da labarin kakansa shaida ce a kan abin da iyalin suka yi imani da shi, rasitin gwanjo na 1960 mai ɗauke da lambar bindigar kuwa shaida ce cewa aƙalla a wannan shekara tana nan a wannan siffa, tun kafin farashinta ya kai matsayin da zai sa wani ya wahalar da kansa.

Duk wannan bincike ya dogara ne a kan cewa ba a taɓa fuskar bindigar ba, kuma abin takaici shi ne mai kyakkyawar niyya ya fi ɗan damfara lalata shaida. Mutum ya samu tsohuwar bindiga a ma'ajiyar gidan tarihi ko ta fada, ya ga ta yi duhu, sai ya sa takardar yashi ya kankare ƙotar, ya shafa mata fenti mai sheƙi, ya bi ƙarfen da burushin waya. A cikin awa ɗaya S51 ta tafi, lambar madubi ta tafi, siririn rubutun Fazakerley ya tafi, faifan tagulla na ƙota da ke ɗauke da sunan runduna ya shafe. Abin da ake yi wa irin wannan bindiga shi ne a fara tabbatar da cewa babu harsashi a cikinta, a share ƙura da tsumma mai laushi, a shafa ɗan mai kaɗan inda tsatsa ke ci, a ɗauki hoton kowace alama da haske daga gefe tare da ma'aunin awo a kusa, sannan a rubuta lambobin sakata da uwar jiki da gidan harsashi da katako kowanne a layinsa, ko sun dace da juna ko ba su dace ba.